Dan Allah a taimaka: na buga faifan DVD a laftop amma injin ya ƙi karantawa

Baban Walida: Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu ilimin kwamfuta ku taimaka min, wallahi na rasa yadda zan yi. Ranar Lahadin da ta wuce aka yi walimar saukar Alƙur'ani ta 'yata, ƙanina ya ɗauki bidiyo da wayarsa tun daga karatu har addu'ar rufewa, wajen awa ɗaya da minti 40. Innarmu tana gida can wajen Ringim, ciwon ƙafa ya hana ta zuwa, kuma ita ce ta fara biya wa yarinyar Fatiha tun bakinta bai gama buɗewa ba, kullum in na kira sai ta tambaye ni ina hoton saukar. Tana da tsohon injin DVD da marigayi Babanmu ya saya, shi kaɗai ta iya kunnawa da kanta. Na sayo emti, wato faifan da ba a rubuta komai a kai ba, guda 5, na tura bidiyon a laftop na yi bonin, a laftop ɗin yana yi lafiya lau amma da na saka a DVD na gida sai ya yi ta juyawa yana ƙara can ya rubuto No Disc, wani kuma ya buɗe amma ba komai sai baƙin allo. Huɗu sun tafi a haka saura ɗaya, kuma ranar Asabar nake son tafiya.

Sani Mai Shago: Wa alaikumussalam, Allah ya sanya albarka a karatun yarinya. Ni ina ga emtin ne ba su da kyau, yanzu jabu ya cika kasuwa, ka canza wani kawai

Injiniya Auwal: Malam kar ka taɓa na biyar ɗin tukuna. Ka saka ɗaya daga cikin waɗanda ka buga a laftop, kar ka bari ya kunna kansa, ka shiga ciki kamar yadda kake shiga filash ka faɗa min me ka gani. Folda ce ko fayil? Meye sunansa?

Baban Walida: Injiniya fayil ɗaya ne kawai, sunan da wayar ta ba shi, ƙarshensa .mp4

Injiniya Auwal: To ga matsalar nan, emtinka ba su yi laifi ba. Abin da ka yi ajiya ce, ka ɗauki fayil ka zuba a faifai kamar yadda ake zubawa a mimori. Kwamfuta za ta karanta saboda ita kusan komai ka ba ta tana da abin buɗe shi, amma injin DVD ba haka yake ba, yare ɗaya ya iya. Da ka saka faifai abin da yake fara nema shi ne folda mai suna VIDEO_TS da manyan baƙaƙe, a cikinta akwai fayiloli iri uku, masu ƙarewa da VOB su ne hoton da sautin kansu kuma ana yanka su ne kowane bai wuce 1GB ba, masu IFO su ne ke gaya wa injin ina farko ina ƙarshe ina babi na biyu, BUP kuma kwafin IFO ne saboda ko ya karce. Hoton ciki dole ya zama MPEG-2, wato tsarin matse bidiyo da injin DVD ya sani. Ita kuwa wayar ƙaninka da H.264 take ɗauka, in sabuwa ce sosai ma wataƙila H.265, tsohon inji bai taɓa jin labarinsu ba. Kenan sai an juya bidiyon an gina masa wannan foldar sannan a buga. Kuma a Windows in ka saka emti yana tambayarka abu biyu, ko ka yi amfani da shi kamar filash ko kuma na CD/DVD player, mutane da yawa suna zaɓar na biyun suna zaton shikenan ya zama fim, alhali shi ma ajiya ce, bai juya komai ba.

Baban Walida: Wallahi na biyun na zaɓa a guda uku, ɗaya kuma na farkon. Ashe haka abin yake

Abba Kwamfuta: Injiniya ban yarda da kai duka ba gaskiya. Ni DVD na gidanmu an rubuta MP4 ɓaro-ɓaro a gabansa kuma ina zuba finafinai a faifai haka nan ba wani VIDEO_TS yana karantawa

Injiniya Auwal: Abba ka duba finafinan da yake karanta maka, zan iya cewa yawancinsu avi ne masu DivX ko Xvid. Wannan MP4 ko MPEG4 da ake rubutawa a gaban injinan nan su yake nufi, ba na waya ba. Shi mp4 ɗin mazubi ne kawai, abin da ke ciki ake dubawa. Sannan ko irin wanda ya iya ne in faɗin hoton ya wuce 720 zai ƙi, wayoyin yanzu kuwa 1920 da 1080 suke ɗauka. Ka gwada ka ɗauki bidiyo da wayarka yanzu ka saka masa ka dawo ka ba mu labari.

Abba Kwamfuta: Zan gwada. Amma dai na san akwai sababbi da suke karanta na waya ta filash

Injiniya Auwal: Akwai, ban musa ba. Amma maganar injin da marigayi ya saya ake yi, ba na bana ba.

Maman Ilham: Ni tambayata Baban Walida, me ya sa sai faifai a wannan zamanin? Ba wani yaro a gidan mai babbar waya a tura masa ta WhatsApp ya nuna mata? Ko a sa a filash

Baban Walida: Hajiya an gwada, ɗan yayana ya nuna mata guntu a waya ta ce ita ba ta ganin komai sai inuwa, idon ya yi rauni. Injin kuma ba shi da wajen filash. Sannan ita so take abin ya zama nata, in maƙwabta sun shigo ta kunna musu a talabijin ta ce ga jikata, ba sai ta jira wani yaro ya dawo daga kasuwa da wayarsa ba. Faifan wa'azi da na karatu duk a cikin wata jaka take ajiye su, so nake wannan ma ya shiga jakar.

Maman Ilham: Allah sarki Inna. Na fahimta wallahi, tawa kakar ma haka take da rediyonta. Allah ya ba ta lafiya. Injiniya dan Allah a taimaka masa ya samu kafin Asabar

Injiniya Auwal: In sha Allahu. Baban Walida ka sauke DVDStyler ko DVD Flick, manhajoji ne masu juya bidiyo su gina masa foldar, duka kyauta ne. Da a Windows 7 kake akwai DVD Maker a ciki amma daga Windows 8 suka cire shi. In ka buɗe zai tambaye ka tsarin talabijin, PAL ko NTSC, ka zaɓi PAL, shi ne namu a Najeriya, hoto 25 a daƙiƙa, girman 720 da 576. Sauti ka bar shi a AC3. Girman faifai ka zaɓi 4.7GB, kar ka damu in ka ga kwamfuta tana nuna 4.38, lissafin ne ya bambanta ba cuta ba ce. Awa ɗaya da minti 40 zai shiga da kyau, har awa biyu yana ɗauka ba tare da hoton ya lalace sosai ba. Abu mafi muhimmanci, kar ka ce ya buga kai tsaye, ka ce ya ajiye maka ISO, wato kwafin faifan gaba ɗaya a fayil ɗaya, a laftop tukuna, ka buɗe da VLC ka kalla ka tabbatar sauti da baki suna tafiya tare, sannan ka buga da manhajar bugun faifai ImgBurn. Haka ba za ka ƙara asarar emti ba. Kuma ka tabbatar laftop ɗin na da caji ko tana jone, in ta mutu ana tsakiyar bugu faifan ya tafi kenan.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum, ina biye da ku. Injiniya mu nan Nijar tsohon tsarin talabijin ɗinmu SECAM ne irin na Faransa, to mi za mu zaɓa mu?

Injiniya Auwal: PAL za ku zaɓa ku ma. A faifan DVD babu wani SECAM, layuka 625 da hoto 25 ɗin ɗaya ne, shi ya sa faifan da aka saya a Ƙofar Wambai yake yi a Maraɗi da Damagaram ba matsala. NTSC na su Amurka da Japan ne, in ka yi kuskure ka zaɓe shi yawancin injina za su karanta amma a tsohuwar talabijin sai ka ga hoton ya koma baƙi da fari ko yana birgima.

Sani Mai Shago: To ko matsalar rijin ce, wato makullin yanki da ake sa wa faifai? Na ji ana cewa kowace ƙasa da lambarta

Injiniya Auwal: Gaskiya ne akwai, Najeriya tana lamba 5, Amurka 1, Saudiyya da Turai 2. Amma kamfanonin fim ne ke sa wannan makullin a nasu faifan, wanda ka buga a ɗakinka ba shi da shi. A cire wannan daga lissafi.

Baban Walida: Jama'a barkanmu da safiya. Jiya na kwana a kai, juyawar kaɗai ta ci kusan awa biyu laftop ɗin ta yi zafi sosai, amma Alhamdulillah na buga na biyar ɗin kuma YA YI a DVD na gida, har da ɗan menu da sunan yarinyar. Injiniya Allah ya saka da alheri ya ji ƙan mahaifa. Sai dai wani abu, da safen nan na ce bari in gwada a gidan maƙwabcina tunda nasa tsoho ne sa'an na Inna, sai ya yi ta ƙoƙari yana wani ƙas ƙas can ya kama, ya yi minti kamar 20 ya fara maƙalewa hoton yana farfashewa, da na fitar na mayar kuma sai No Disc. Yanzu hankalina ya sake tashi, kar in je Ringim in tara mata mutane abu ya ƙi.

Malam Habu Mai Gyara: Salamu alaikum. Tun jiya nake karantawa ban sa baki ba saboda maganar kwamfuta ba fagena ba ce, amma yanzu an zo wajena. Wannan ƙas ƙas ɗin da ka ji idon injin ne, wanda ke karanta rubutu, yake neman faifai yana kasawa. Shekara da shekaru ina buɗe injinan nan, in ido ya fara rauni faifan gida yake fara ƙi, na kamfani kuma ya ci gaba da karantawa, sai mai shi ya rantse injinsa lafiya lau. Dalili shi ne na kamfani da inji ake danna rubutun a jikin robar, shi kuwa emti wani rini ne a ciki wuta take ƙona shi, rubutun bai kai wancan fitowa ba, sai ido mai ƙarfi. Ka tambayi maƙwabcin naka, zai ce maka CD da VCD suna yi ba matsala, DVD ne ke ba shi wahala.

Baban Walida: Malam Habu kamar kana wajen, haka ya ce, wai na wa'azi duk suna yi

Malam Habu Mai Gyara: To ai wuta biyu ce a cikin idon, ta CD daban ta DVD daban, ta DVD ja ce kuma ita ta fi saurin gajiya. Ga ƙurar hunturu, inji yana zaune shekara goma a ɗaki ba rufi.

Injiniya Auwal: Malam Habu maganarka gaskiya ce amma kar mu ɗora wa ido komai tun ba mu duba faifan ba, in ba haka ba sai ya je ya buɗe injin Inna a banza. Baban Walida duba jikin emtin, DVD-R aka rubuta ko DVD+R? Kuma da wane gudu ka buga?

Baban Walida: Da alamar tarawa ne, +R. Gudu kuma ban taɓa komai ba, na ga dai ya rubuta 16x ya gama cikin minti shida ko bakwai

Injiniya Auwal: Ka gani ko. Abu biyu kenan. DVD-R shi ya fara fitowa tun 1997, +R sai 2002, shi ya sa wasu tsofaffin injina in sun ga +R ba su san shi ba ko su karanta da ƙyar. Akwai dabarar da ake canza masa suna ya nuna wa injin kamar DVD-ROM ne na kamfani, book type ake ce mata, ImgBurn yana yi amma ba kowace laftop ce ke yarda ba, kar ka wahalar da kanka, ka nemi -R mai alamar ragewa. Na biyu gudun, 16x a emti mai araha rubutun ba ya zama da kyau, ka saukar zuwa 4x ko 6x, zai ɗauki kamar kwata na awa amma zai fito tsaf. Kuma ka bar alamar Verify a kunne ya sake karanta abin da ya rubuta. Kar ka sayi RW wanda ake gogewa, shi ya fi kowanne wahalar karantuwa a tsohon inji, haka ma mai hawa biyu na 8.5GB.

Malam Habu Mai Gyara: Injiniya ni ban ce faifai ba ya laifi ba, amma wallahi ko ka kawo emti mafi tsada a duniya ka buga da 2x in ido ya yi datti ba zai karanta ba. Kullum sai an kawo min irin wannan, mutum ya ƙona faifai goma yana zagin mai shago, in sa auduga in share ido minti biyu komai ya tashi.

Injiniya Auwal: Ni kuma kullum sai an kawo min wanda aka canza wa ido sabo aka karɓi kuɗinsa alhali faifan ne ba a rufe ba

Malam Habu Mai Gyara: Wannan kuma rashin tsoron Allah ne na wasu masu gyaran, ba zan kare su ba. Akwai ma masu murɗa wani ɗan sukuru a jikin idon su ƙara masa wuta, ya yi aiki wata ɗaya ko biyu ya mutu gaba ɗaya, mai inji bai sani ba. Ni ba na yi sai na gaya wa mutum.

Maman Ilham: Meye kuma rufe faifai? Ni ma akwai na bikin ƙanwata da mai hoto ya ba mu tun tuni bai taɓa yi a ko'ina ba sai a shagonsa

Injiniya Auwal: Hajiya kusan tabbas naki wannan ne. In aka gama bugu akwai bayanin ƙarshe da ake rubutawa wanda ke nuna an kammala ba za a ƙara komai ba, a menu Finalize ake ce masa. Masu ɗaukar biki da suke amfani da rikoda ta DVD ko kyamara mai ƙaramin faifai suna yawan mantawa, sai ya zama injin da ya buga shi kaɗai ke gane shi. In shagon na nan kuma rikodar na nan ki mayar masa ya rufe, minti kaɗan ne. In babu, kar ki yar, akwai manhajoji irin su IsoBuster da ke iya zaƙulo bidiyon a kwamfuta. Na Baban Walida ba wannan ba ne tunda ImgBurn yana rufewa da kansa in ISO ka ba shi.

Sani Mai Shago: To ni dai da na ce emti ne tun farko ashe ban yi nisa da gaskiya ba. Shawarata ka sayi mai suna irin Verbatim in ka samu na asali, ka duba bayan faifan a haske in ka ga rinin yana da tabo-tabo ko bakin gefen bai yi daidai ba ka ajiye. Kuma kar ka liƙa masa takarda mai hoto a sama, tana sa shi rawa in yana juyawa, maka ta isa

Malam Habu Mai Gyara: Wannan gaskiya ne Sani. Baban Walida ga abin da za ka tafi da shi, auduga mai tsinke irin ta kunne da ɗan sifirit. In faifan ya yi shikenan kar ka taɓa komai. In ya ƙi, ka zare wayar wuta daga soket tukuna, ka kwance sukurorin murfin, za ka ga wani ɗan gilashi kamar ƙwayar gero a ƙarƙashin inda faifai ke zama, ka ɗan jiƙa audugar kaɗan ba sharkaf ba ka shafa a hankali kamar kana taɓa idon jariri, don a kan wasu siraran wayoyi yake zaune in ka danna sai su lanƙwashe. Ka bari ya bushe minti biyar. Kar ka kunna shi a buɗe kana leƙa idon. Shi kuma faifan in za ka goge daga tsakiya zuwa baki ake yi a miƙe, ba zagaye ba.

Abba Kwamfuta: Injiniya na gwada na wayar a namu, ya nuna sunan fayil ɗin amma ya ce ba ya goyon baya. Ka yi gaskiya. Baban Walida ni shawarar da zan ƙara ka buga biyu ko uku ka tafi da su, kuma kar ka goge ISO ɗin da asalin bidiyon, faifan gida in rana ta buge shi ko ya sha zafi a mota yana mutuwa

Baban Walida: Na gode ƙwarai jama'a. Yanzu na dawo daga Beirut Road na samo -R guda uku, na buga biyu da 4x Verify ya wuce lafiya. A na maƙwabcina ɗaya ya yi tun daga farko har ƙarshe, sau ɗaya kawai ya ɗan tsaya wajen addu'a ya wuce. Gobe da asuba in sha Allahu zan kama hanya, a sa mu a addu'a.

Maman Ilham: Allah ya tsare hanya, a gaida Inna da jiki

Ɗan Maraɗi: Allah shi kai ka lafiya, muna jiran labari

Baban Walida: Assalamu alaikum, na dawo jiya da daddare. Da na saka da farko ya ƙi, No Disc har sau uku, Inna tana zaune a kan tabarma ta zuba min ido ga matan gidan sun fara shigowa, gabana ya faɗi. Na tuna maganar Malam Habu na zare wuta na buɗe, wallahi ƙurar da ke ciki sai ka ce an zuba gari, har da yanar gizo-gizo a gefen tiren. Na share idon kamar yadda ka ce na jira ya bushe na mayar, ya ɗan yi ƙara sai ga sunan Walida a talabijin. Inna ta matso har gaban allon, da yarinyar ta fara karanta farkon Baƙara sai ta sa gefen mayafi ta rufe fuska tana bin ta a hankali. Sau uku aka kalla kafin batirin sola ya yi ƙasa. Na gwada +R ɗin nan na farko ma bayan sharewar don in sani, shi har yanzu ya ƙi, -R ɗin ne kawai ke yi. Na bar mata biyu, ɗaya a jaka ɗaya a cikin injin.

Malam Habu Mai Gyara: Alhamdulillah, Allah ya raya Walida ya sa ta yi aiki da shi. Amma ka kira gida a cire wanda ke cikin injin a mayar gidansa in ba kallo ake ba, kuma a samu ɗan ƙyalle a riƙa rufe injin. Idon nan ya riga ya tsufa, sharewa ta taimaka ne kawai, in ya sake ƙi nan gaba ka kawo shi Kano a duba lambar idon a sa masa sabo.

Maman Ilham: Masha Allah har na yi hawaye. Injiniya na samo faifan bikin a cikin akwati, ƙarami ne irin na kyamara an rubuta DVD-R a jiki, shagon kuma an ce ya tashi tun bara. In na saka a kwamfutar maigidan me zan fara dubawa?

Injiniya Auwal: Hajiya ki fara juya bayansa a haske, in kin ga zobe mai duhu daga tsakiya to akwai rubutu a ciki. In kin saka Windows ya ce miki faifan emti ne yana neman ya yi format, dan Allah kar ki danna, ki rufe kawai ki turo min hoton abin da ya rubuta.